Shekarar Farko a Ƙasar Waje: Wa Ke da Alhakin Kiredit Ɗin Ɗalibi?

Akwai wata irin wasiƙa da wasu jami'o'in Amurka suke aika wa yaran da suka gama sakandare, wadda iyayensu ba su san irinta ba a nasu zamanin. Wasiƙar takan ce an ba yaro gurbin karatu, amma ba zai shigo harabar jami'ar a watan Satumba tare da tsararrakinsa ba. Zai fara zangon farko a Dublin ko Roma ko Tasalonika ta ƙasar Girka, sai watan Janairu ya dawo ya ɗora. Haka Jami'ar Northeastern da ke Boston take yi da wani kaso na sababbin ɗalibanta. Jami'ar New York tana tura wasu 'yan shekarar farko cibiyoyinta na Florence da Landan da Madrid. Jami'ar Jihar Florida ta ƙara da wani abin jan hankali: ɗalibin da ba ɗan jihar ba, idan ya yi watanni 12 na farko a cibiyarta ta Landan ko Florence ko Valencia ko Panama, ya kuma cika sharuɗɗa, sai a riƙa cajinsa kuɗin makaranta daidai da na 'yan jiha har ya gama digiri. Bayan jami'o'i akwai kamfanoni irin su Verto Education, waɗanda sana'arsu ke nan, su kai yaro ƙasar waje ya yi zango ɗaya ko biyu, sannan ya nemi shiga wata jami'a da abin da ya samo. Dukkansu alkawari ɗaya suke yi wa iyaye, cewa shekarar ba za ta tafi a banza ba, kiredit ɗin da yaro ya samu zai bi shi duk inda ya je. Ra'ayina shi ne wannan alkawari ba shi da wata daraja sai in jami'ar da za ta ba da digiri a ƙarshe ce ta rubuta shi kafin yaro ya hau jirgi, kuma nauyin tabbatar da hakan na makarantu ne, bai kamata a ɗora shi a wuyan ɗan shekara 18 ba.

Tura ɗalibi waje ya yi wani yanki na karatunsa ba sabon abu ba ne a Amurka. Tun 1923 wani malamin Faransanci a Jami'ar Delaware, Raymond Kirkbride, ya ɗauki ɗalibai takwas zuwa Faransa suka yi shekara guda, aka kuma lissafa musu ita cikin digirinsu. Amma 'yan shekara ta uku ya ɗauka, kuma a kan haka al'adar ta zauna kusan ƙarni guda. Alƙaluman rahoton Open Doors sun nuna ɗaliban Amurka kusan dubu 281 ne suka yi karatun da ake lissafawa a ƙasashen waje a shekarar karatu ta 2022/23, akasarinsu a Turai, kuma galibinsu 'yan shekara ta uku ne da ta huɗu. A Turai ma shirin Erasmus, wanda aka fara a 1987, ya yi shekaru masu yawa yana sharɗanta cewa sai ɗalibi ya kai shekara ta biyu kafin ya fita karatu. Akwai dalili. Ɗan shekara ta uku ya riga ya zaɓi fanninsa, yana da sashe, yana da malami mai ba shi shawara, ya san darussan da suka rage masa ɗaya bayan ɗaya. Idan ya ga wani darasi a Madrid, ya san wanda zai tambaya ko zai yi masa amfani. Ɗan shekarar farko duk bai da waɗannan. Sau da yawa bai taɓa taka ofishin magatakardar jami'a ba, bai san bambancin darasin dole da na zaɓi ba, wani lokaci ma bai san jami'ar da zai ƙare a cikinta ba.

Kafin a gane inda matsalar take, sai an san abin da kiredit yake aunawa. A Amurka maganar fansho ce ta taimaka wajen kafa shi. A 1905 attajirin nan na masana'antar ƙarfe, Andrew Carnegie, ya ba da dala miliyan 10 domin a kafa asusun fansho ga malaman jami'o'i. Masu kula da asusun suka ga dole su bambance jami'a ta gaskiya da makarantar da ta laƙaba wa kanta sunan kawai, sai a 1906 suka ɗauki wani ma'auni: awa 120 na karatun darasi ɗaya a shekara a sakandare shi ne yunit guda, kuma jami'ar da ke son shiga tsarin sai ta nemi wani adadi na waɗannan yunit daga duk wanda za ta ɗauka. Daga nan awon karatu da sa'o'i ya hau har cikin jami'o'in kansu. Ƙa'idar da gwamnatin tarayyar Amurka ta fitar a 2010 ta fassara kiredit ɗaya da awa guda a aji da aƙalla awa biyu na aikin gida kowane mako, tsawon makonni 15 ko kusa da haka. Digirin farko yakan ɗauki kiredit 120, wato 30 a shekara. Turai kuwa tata hanyar daban. Tsarin ECTS, wanda aka soma gwadawa a 1989 ƙarƙashin Erasmus, yana auna dukkan wahalar ɗalibi ne, ta aji da ta ɗakin karatu da ta jarrabawa, a kan awa 25 zuwa 30 kowane kiredit, shekara kuma tana da 60. Shi ne lissafin da jami'o'in Nijar suke bi a tsarin LMD, 30 a kowane zango. A Ingila shekara ɗaya kiredit 120 ce, kowanne awa 10. Ke nan shekara guda ta karatu 30 ce a Boston, 60 a Madrid, 120 a Landan. Duk wanda ya taɓa awon hatsi a kasuwanni biyu ya san mudu suna ɗaya ne amma cikinsa ba ɗaya ba, kuma mai saye ne yake cewa da wane mudu za a auna.

A ɗauki ɗalibar da ta yi zangonta na farko a wata jami'ar Sifaniya, ta ɗauki darussa biyar, kowanne ECTS 6, ta ci su duka. Takardar sakamakonta, wadda ɗalibai ke kira transkirif, za ta nuna 30. Yawancin jami'o'in Amurka sukan raba biyu, su ba ta 15, wanda shi ne cikakken zango, kuma kowane darasi ya zama kiredit 3 daidai da yadda suke tsara nasu. Wannan ta yi sa'a. Amma da darussa shida ta ɗauka masu ECTS 5 kowanne, jimillar tana nan 30, sai dai kowane darasi ya koma biyu da rabi. Wata jami'ar za ta cike mata ya zama 3, wata kuma za ta bar shi yadda yake, ta ce darasin lissafin da sashenta ke buƙata mai kiredit 3 ne, biyu da rabi bai cika ba. Rabin kiredit ɗin nan kaɗai ya isa ya sa ta maimaita darasin gaba ɗaya. Ba ta yi kasala ba, ba ta faɗi jarrabawa ba, malamin da ya koyar da ita bai rage komai ba. Lissafin canji ne ya ci ta, kuma lissafi ne da ake iya yinsa cikin minti biyar tun tana gida, da an sami wanda ya zauna ya yi mata.

A Amurka babu wata hukuma ta ƙasa da ke tilasta wa jami'a karɓar kiredit ɗin wata. Hukumomin tantance jami'o'i masu zaman kansu ne, gwamnati amincewa kawai take yi da su, kuma ko da makarantu biyu suna ƙarƙashin hukuma ɗaya, mai karɓa ce ke da maganar ƙarshe. An auna abin da hakan ke haifarwa. Ofishin GAO, wanda ke yi wa Majalisar Dokokin Amurka bincike, ya fitar da rahoto a 2017 a kan ɗaliban da aka bi sawunsu daga 2004 zuwa 2009. Kusan kashi 35 cikin ɗari sun canza makaranta aƙalla sau ɗaya, kuma waɗanda suka canza sun yi asarar kimanin kashi 43 cikin ɗari na kiredit ɗinsu. Tsakanin makarantun gwamnati asarar kashi 37 ce. Wanda ya taso daga makarantar kuɗi ta 'yan kasuwa zuwa ta gwamnati kuwa ya rasa kashi 94, wato kusan komai. Gaskiya ne wannan rahoto ba a kan karatun ƙasashen waje aka yi shi ba, kuma ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma abin da yake nunawa ya fi haka tsanani. Asarar nan tana faruwa ne a cikin ƙasa ɗaya, da harshe ɗaya, da ma'auni ɗaya. Idan an ƙara teku a tsakani, da wani harshe, da wani salon ba da maki, babu hujjar da za ta sa a zaci abin zai yi sauƙi.

Akwai kuma wata asarar da ba ta fitowa a alƙaluma, wadda a ganina ta fi cutarwa domin a ɓoye take. Jami'a tana iya cewa ta karɓi kiredit ɗin ɗalibi duka 15, ta rubuta su a takardarsa, amma ta zuba su a gurbin darussan zaɓi. An karɓa, ba a lissafa su cikin abin da fanninsa ke buƙata ba. Ga mai karanta tarihi ko siyasa, wanda manhajarsa ke da sarari, wannan bai cika yin illa ba. Ga mai son injiniya ko likitanci ko aikin jinya, illar babba ce, domin darussansu a jere suke kamar matakala. Sai ka ci kimiyyar sinadarai ta farko tare da aikin ɗakin gwaji kafin a bar ka ka shiga ta biyu, sai ka ci ta biyu kafin ta uku. Idan sashen ya duba manhajar darasin da aka yi a waje ya ga babu isassun sa'o'in ɗakin gwaji, sai ya ƙi daidaita shi da nasa. Yaro ya dawo a Janairu, wataƙila ya tarar darasin farkon sai Satumba ake ba da shi, ya jira wata takwas, duk abin da ke saman matakalar ya matsa da shekara guda. A takarda bai rasa kiredit ko ɗaya ba. A zahiri digirin shekara huɗu ya koma na biyar, da kuɗin makaranta da na masauki na shekara ta biyar ɗin. Ga mai niyyar likitanci akwai ƙarin damuwa, domin yawancin makarantun likitanci na Amurka sun fi son darussan kimiyya na tushe su fito a takardar wata jami'ar Amurka ko Kanada.

Wannan ya kawo mu ga tambayar da ta fi kowace muhimmanci, kuma wadda tallace-tallacen shirye-shiryen nan ba su cika sa ta a gaba ba: sunan wace makaranta ne zai fito a saman transkirif ɗin? Idan ɗalibi yana cibiyar jami'arsa ce a ƙasar waje, kamar na Jihar Florida a Valencia, to babu maganar canji kwata-kwata. Darussan nata ne, malaman ita ta amince da su, makin yana shiga jimillar sakamakonsa kai tsaye. Wannan ita ce hanya mafi aminci, kodayake tana ɗaure yaro ga jami'a ɗaya. Idan kuma wata jami'ar ƙasar wajen ce ta ba da takardar, sai an bi ta hannun masu tantance takardu irin su World Education Services, a biya kuɗi, a jira, kuma rahotonsu shawara ce kawai, jami'a tana iya bi ko ta ƙi. Tsakanin waɗannan biyu akwai hanya ta uku, wadda kamfanoni ke bi. Kamfani ba jami'a ba ne, ba shi da ikon ba da kiredit, don haka yakan ƙulla yarjejeniya da wata jami'ar Amurka da aka tantance, ta duba darussan da malaman, ta fitar da transkirif da sunanta. Verto, alal misali, da Jami'ar New Haven yake wannan aiki. Tsari ne halastacce kuma yana rage wahala sosai, domin takardar ta zama ta cikin gida. Sai dai bai kawar da batun ba. Ya mayar da ɗalibin cikin sahun masu canjin makaranta a cikin Amurka ne, wato mutanen da rahoton GAO ya yi magana a kansu.

Kuma zama mai canjin makaranta yana da nasa farashi. Jami'o'i da yawa suna ɗaukar duk wanda ya tara wani adadi na kiredit bayan sakandare a matsayin mai neman canji, ba sabon shiga ba. Jami'ar California ta fito fili a kan wannan: wanda ya yi rajista a cikakken zangon wata kwaleji bayan gama sakandare ba zai iya watsar da wannan tarihi ya nemi gurbi a matsayin sabon ɗalibi ba, alhali ita kuma ta fi ɗaukar masu canji da suka tara kiredit 60, wato shekara biyu. Yaron da ya yi zango ɗaya a waje yana iya samun kansa a tsakiya, ya wuce matsayin sabon shiga, bai kai na mai canji ba. A wurare da dama kuma tallafin karatu mafi tsoka na sababbin shiga ne. Ga ɗan talaka akwai wani lissafin: tallafin Pell na gwamnatin tarayya zango 12 ne kawai a rayuwar mutum, duk zangon da aka maimaita an ci daga cikinsa. A wasu shirye-shiryen ma ba a lissafa yaro a matsayin cikakken ɗalibin jami'ar sai ya dawo, don haka tallafin gwamnati ba ya biyan zangon farkon. Wanda iyayensa ke da hali zai shanye irin wannan kuskure ya wuce. Wanda ba su da shi, kuskuren na iya zama ƙarshen karatunsa.

Masu goyon bayan waɗannan shirye-shirye suna da hujjoji, kuma ba na raina su. Ta farko ita ce shekarar farko ta fi kowace sauƙin canjawa, domin a tsarin Amurka darussan gama-gari ne suka cika ta: rubutu, lissafi, tarihi, harshe, gabatarwar tattalin arziki. Irin waɗannan kusan kowace jami'a tana da kwatankwacinsu. Na yarda da wannan, har ma ina ganin ita ce babbar hujjar da ta sa tsarin ya cancanci a ci gaba da shi. Ɗalibin injiniya da ba zai taɓa samun sararin fita a shekara ta uku ba, saboda cunkoson darussan dole, yana iya fita a ta farko. Amma sauƙin nan hujja ce a kan makarantu, ba a gare su ba. Idan darussan sanannu ne, 'yan kaɗan ne, kuma su ake maimaitawa kowace shekara, me zai hana a zauna a daidaita su ɗaya bayan ɗaya a rubuce tun kafin a karɓi kuɗin kowa? Hujja ta biyu ita ce tafiya kanta karatu ce, yaron da ya zauna wata huɗu cikin mutanen da ba ya jin harshensu, ya koyi sayen abinci da hawan jirgin ƙasa da zama da baƙi, ya samu abin da babu transkirif da zai iya ɗauka. Wannan ma gaskiya ne. Sai dai ba shi aka sayar wa iyaye ba. Da an ce musu shekarar buɗe ido ce, da sun yi nasu lissafin, wasu su biya wasu su haƙura. An ce musu shekarar jami'a ce, sun biya kuɗin shekarar jami'a. Ba daidai ba ne bayan an kasa cika alkawari a koma ana yabon amfanin da ba shi aka yi ciniki a kai ba.

Hujja mafi ƙarfi ta fito ne daga ɓangaren jami'o'in da ke ƙin karɓa. Suna cewa digiri shaida ce da suke bayarwa da sunansu, ba za su sa hannu a kan karatun da ba su gani ba. Shi ya sa suke neman makin C ko sama da haka, suke neman manhaja, suke kuma sharɗanta cewa wani kaso na digirin, sau da yawa kiredit 30 na ƙarshe, dole a yi shi a wurinsu. Wanda ya ce wannan tsoro ba shi da tushe bai bi labarai ba. A ƙarshen 2023 ɗan jarida Umar Audu na Daily Nigerian ya nuna yadda ya samo digiri daga Kwatano cikin makonni shida ba tare da ya shiga aji ba, abin da ya sa a Janairun 2024 gwamnatin Najeriya ta dakatar da tantance digirorin Benin da Togo. Takardar bogi tana nan, kuma jami'ar da ta karɓi kowace takarda ido rufe ta ci amanar ɗalibanta na gaskiya. Saboda haka ba na cewa a tilasta wa kowace jami'a karɓar komai. Abin da nake cewa shi ne haƙƙin ƙin karɓa daban, lokacin da ake amfani da shi daban. Jami'ar da ta duba manhaja a watan Yuni ta ce wannan darasi bai yi mata ba ta kare mutuncinta, ta kuma kare yaron. Wadda ta yi shiru har Janairu, bayan an biya kuɗi an yi karatu an ci jarrabawa, sannan ta ce bai yi ba, mutuncinta kawai ta kare, kuma da aljihun wani.

Turai ta nuna ana iya yin abin ta wata hanya. Yarjejeniyar Lisbon ta 1997, wadda Majalisar Turai da UNESCO suka shirya, ta juya nauyin hujja: za a amince da karatun da aka yi a wata ƙasa sai fa in hukumar da ke dubawa ta nuna akwai bambanci mai girma tsakaninsa da nata. Ba ɗalibi ne zai tabbatar da cewa karatunsa ya isa ba, makaranta ce za ta kawo dalilin ƙinsa. Amurka ta sa hannu a wannan yarjejeniya amma ba ta tabbatar da ita ta zama doka ba. A aikace kuma, ɗalibin Erasmus ba ya tafiya sai da wata takardar yarjejeniyar karatu mai sa hannu uku, nasa da na jami'arsa da na mai masaukinsa. A cikinta ake jera darussan da zai ɗauka a can da waɗanda za su maye gurbinsu a gida, da adadin ECTS na kowanne. Idan ya isa ya tarar an soke wani darasi, akwai hanyar gyara takardar cikin makonnin farko, kuma gyaran ma sai an sa masa hannu. Tsarin bai rasa ƙorafi ba, ana samun malamin da zai ƙi mutunta abin da sashensa ya amince da shi. Amma ɗalibin da aka yi wa haka yana da takarda a hannu da zai kai ƙara da ita. Tun ran gini ran zane.

Ya kamata kuma a faɗi abin da jami'o'in ke samu, domin ba sadaka suke yi ba. Ɗakunan kwanan ɗalibai sukan cika maƙil a Satumba, su sami gurabe a Janairu idan wasu sun gama, wasu sun bari, 'yan shekara ta uku kuma sun fita waje. Ɗalibin da aka tura Dublin a zangon farko shi ke dawowa ya cike wannan gurbi. Ban da haka, alƙaluman da ake kai wa gwamnati da masu jera jami'o'i bisa daraja sun fi dogara ga waɗanda suka shiga a zangon kaka, don haka wanda ya shigo a Janairu ba ya cika shafar su. Ban ga laifi a jami'a ta nemi abin da zai amfane ta ba, muddin ɗalibi ma ya amfana. Amma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski. Jami'ar da ta tsara shirin, ta zaɓi makarantar da za a je, ta karɓi kuɗin, ita ce ke da dukkan bayanan da ake buƙata domin sanin makomar kowane darasi a kowane sashe nata. Rubuta a ƙasan talla da ƙananan haruffa cewa karɓar kiredit ya rataya ga makarantar da za a koma ba sauke nauyi ba ne, musamman idan ita ce makarantar da za a koma ɗin.

Mai karatu a Kano ko Maraɗi yana iya ganin wannan matsalar 'ya'yan Amurkawa ce, amma tambayar da ke ƙarƙashinta ta riga ta ƙwanƙwasa ƙofarmu. Da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, ɗaliban Najeriya masu yawa, ciki har da na Jami'ar Ƙasa da Ƙasa ta Afirka da ke Khartoum, sun dawo gida ta Masar da Port Sudan da karatunsu a tsakiya. An buɗe musu hanyar neman canji zuwa jami'o'in gida, amma kowace hanya ta ratsa ta kan transkirif da manhaja da hukuncin sashen da zai karɓa. Haka ma gidajen da ke tura yaro wata ƙasa mai sauƙin kuɗi da niyyar ya yi shekara ɗaya ya ƙetara wata: a kan irin wannan alkawari suke gina shirinsu, galibi daga bakin dillalin neman gurbi. Afirka tana da tata yarjejeniyar amincewa da takardun karatu, ta Addis Ababa ta 2014, UNESCO kuma ta samar da ta duniya a 2019, amma yarjejeniya tsakanin gwamnatoci ba ta shiga ofishin shugaban sashe ta daidaita darasi.

Don haka ga uban da aka miƙa wa irin wannan tayi, ko uwar da ke shirin sayar da kadara domin biyansa, kada a tsaya ga tambayar ko kiredit ɗin yana canjuwa, domin amsar kullum e ce. A tambayi sunan makarantar da za ta fitar da transkirif. A nemi jami'ar da yaro zai ƙare a cikinta ta rubuta, darasi bayan darasi, wanne nata kowanne zai maye, kiredit nawa, kuma a gurbin dole ko na zaɓi, da sa hannun magatakarda ko shugaban sashe. A tambaya ko yaron zai dawo a matsayin sabon shiga ko mai canji, da abin da hakan zai yi wa tallafinsa. A sa shi ya adana manhajar kowane darasi da ya ɗauka. Shirin da ya tsaya da ƙafafunsa zai ba da waɗannan amsoshi cikin mako guda ba tare da jan rai ba. Wanda ya ce a bari sai yaro ya dawo a gani, kada a biya shi.